Ostiriya a 2000: Ranar da Turai ta Ƙaurace wa 'Yar Uwarta

A zaɓen watan Oktoba na 1999, jam'iyyar FPÖ ta Jörg Haider ta samu kusan kashi 27 cikin ɗari na ƙuri'un Ostiriya. Ta yi yaƙin neman zaɓe da allunan da ke gargaɗin cewa baƙi sun cika ƙasar. Shi kuwa Haider tun a 1991 ya rasa kujerar gwamnan jihar Karintiya saboda ya yaba wa manufar samar da ayyukan yi ta gwamnatin Nazi. Da aka rantsar da gwamnatin haɗaka ƙarƙashin Wolfgang Schüssel a ranar 4 ga Fabrairu 2000, wannan jam'iyya na cikinta.

Sauran ƙasashe goma sha huɗu na Tarayyar Turai ba su jira ganin abin da sabuwar gwamnatin za ta aikata ba. Suka daina hulɗar siyasa kai tsaye da ita, suka janye goyon baya ga 'yan Ostiriya masu neman muƙaman ƙasa da ƙasa, suka taƙaita karɓar jakadunta ga ƙananan jami'ai. Tarayyar ba ta taɓa ganin irin haka tsakanin mambobinta ba. Abin mamaki, cibiyar da ta kafa a 1997 domin sa ido kan wariyar launin fata da ƙyamar baƙi, a birnin Biyena ne mazauninta yake.

Nan da nan matakin ya nuna rauninsa. An riga malam masallaci: an yanke hukunci kafin bincike, kuma ba a tanadi hanyar janye shi ba. Jama'ar Ostiriya da dama, har da waɗanda ba su zaɓi Haider ba, suka ɗauki abin a matsayin cin fuska ga ƙasarsu. Mafita ta zo ne da aka roƙi shugaban Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ya zaɓo dattawa uku su bincika: Martti Ahtisaari, tsohon shugaban Finlan, da Marcelino Oreja, tsohon ministan harkokin wajen Sifen, da Jochen Frowein, masanin shari'a ɗan Jamus.

Rahotonsu na watan Satumba 2000 ya raba abu biyu da hayaniyar ta cakuɗa. Ya tabbatar cewa FPÖ ta yi amfani da kalaman ƙyamar baƙi wajen neman ƙuri'a, amma ya gano cewa gwamnatin ba ta take haƙƙin tsiraru, 'yan gudun hijira da baƙi ba, kuma ci gaba da ƙauracewar zai haifar da akasin abin da ake nema. Cikin 'yan kwanaki aka ɗage matakin.

Darasin ya shiga doka. Yarjejeniyar Nice ta 2001 ta gyara sashe na 7 na yarjejeniyar Tarayyar, ta yadda za a iya ayyana cewa ƙasa na dab da keta ƙa'idojin ƙungiyar, bayan an saurari ta bakinta. A 2007 cibiyar Biyena ta zama Hukumar Kare Muhimman Haƙƙoƙi ta Tarayyar.

Sai dai tsari bai sauya zuciyar masu zaɓe ba. FPÖ ta faɗi zuwa kusan kashi 10 a 2002, ta koma gwamnati a 2017 ba tare da wata ƙasa ta ƙaurace wa Ostiriya ba, sannan ta zo ta ɗaya a zaɓen 2024. Masu sa ido daga waje suna iya tattara shaida, su kira ƙyama da sunanta, su hana gwamnati musanta abin da ke rubuce. Hana ɗan siyasa cin riba da tsoron baƙo kuwa aiki ne na kotunan ƙasarsa da jaridunta da masu kaɗa ƙuri'arta.