Yadda ake sauya wa itatuwa da furanni mazauni a gidajen cikin birnin Kano

Dashe shi ne ciro shuka daga inda take tare da saiwarta a mayar da ita wani wuri ta ci gaba da rayuwa. A unguwannin cikin birni irin su Yakasai, Mandawari da Soron Ɗinki, buƙatar yin haka takan taso ne idan an raba gado, ko an ƙara ɗaki, ko saiwar itace ta fara tsaga katanga. Ban da Gidan Rumfa, wanda Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya gina, mai lambun Sheka a cikinsa, gidaje kaɗan ne ke da wadataccen fili. Saboda haka kuskure ɗaya kan jawo asarar itacen ko lalacewar ginin.

Lokacin da ya dace

Lokaci mafi kyau shi ne bayan damina ta kankama, daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, sa'ad da ƙasa ta jiƙu kuma rana ta yi sauƙi. A guji bazara, wato Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan kai digiri 40, da kuma hunturu mai busar da ganye. A watan Agusta, da ruwa ya fi yawa, ramin dashe kan cika da ruwa har saiwa ta ruɓe. Da yamma ake yin aikin, domin shukar ta samu sanyin dare.

Wanda ke jure dashe

Lemun tsami, gwaiba da rumman suna jurewa idan ba su girma sosai ba. Babbar gwanda ba kasafai take tashi ba, gara a shuka sabuwa. Zogale, lalle, ceɗiya da ɗurumi kuwa reshensu ake sara a kafa, ya yi saiwa. Furanni masu gajeriyar saiwa sun fi sauƙin sha'ani, har a tukunyar ƙasa mai huda a gindi suna rayuwa.

Matakan aiki

Ƙananan saiwoyi masu kama da gashi su ne ke shan ruwa, kuma su ne suke fara tsinkewa. Don haka a shayar da shukar kwana ɗaya kafin a tona ta, sannan a ciro ta da dunƙulen ƙasarta, mai faɗin da ya kai kaurin gindinta sau 10. A naɗe dunƙulen da buhu kada ya warwatse.

Sabon ramin ya ninka dunƙulen a faɗi, amma zurfinsu ya zo ɗaya. Idan mangwaro ne mai aure, wajen haɗin ya kasance a saman ƙasa. A cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa, wanda bai gama ruɓewa ba kuma yana janyo gara. A cike ramin, a danne, a zuba ruwa sosai, a rage ganye, a kafa sanda a ɗaure shukar. A makonnin farko kada a bari ƙasar ta bushe, kuma kada a shayar da ita da ruwan wanki.

Tazara daga gini

Darbejiya da mangwaro na buƙatar aƙalla mita 5 daga katanga, rijiya da shadda, domin saiwarsu tana bin danshi. Ceɗiya da ɗurumi sun fi dacewa da ƙofar gida mai fili. Ban ruwa a gindin katangar ƙasa yana jiƙa tubali, damina ta zo ta tarar da ginin ya yi rauni. Gidan da ba shi da wannan tazarar ya tsaya ga lalle, rumman da furannin tukunya. Haka kuma a shawarci maƙwabci kafin a dasa itacen da rassansa za su leƙa gidansa.