Daga Shika Zuwa Kachiya: Tarihin Binciken Abincin Shanu da Tumaki

A shekarar 1928 gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe gonar kiwo a Shika, kusa da Zariya, da nufin zaɓen shanu mafiya kyau daga irin na gida, musamman Bunaji. Gonar ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, sannan a 1976 ta zama Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa, wato NAPRI. Tambayar da aka fara da ita tana nan har yau: me ya sa saniyarmu ba ta ba da madara mai yawa?

Amsar farko da aka bi ita ce ta jini. Aka riƙa haɗa Bunaji da Firiziyan, shanun madara na Turai, kuma 'ya'yan da aka samu sun fi iyayensu mata madara nesa ba kusa ba. Sai dai wannan fifiko yana tabbata ne inda abinci ya wadata. Idan aka kai su rugar da babu abin ci sai busasshiyar ciyawar rani, ramewa suke yi, cuta ta same su.

Wannan ya karkatar da hankalin masu bincike zuwa tumbin dabba. Ƙwayoyin halittar da ke narkar da ciyawa a tumbi suna bukatar furotin kimanin kashi 7 cikin 100 na abincin. Da damina ciyawa irin su gamba kan kai wannan mizani, amma da rani sai ta faɗi ƙasa da shi sosai. Dabba ta cika ciki, amma ba ta amfana. Madara ta janye, haihuwa ta yi nisa. Ɗan ƙarin ƙulin auduga, harawa ko dusa kan sauya lamarin. Haka yake ga tumaki irin su 'Yankasa, Uda da Balami: tunkiyar da ta ƙoshi kafin barbara ta fi yawan haifar tagwaye.

A shekarun 1980 cibiyar ILCA, mai hedikwata a Addis Ababa, ta gwada wata dabara tare da makiyayan yankin Kachiya. Ana killace fili kimanin hekta 4, a shuka sitailo, tsiro ɗan dangin wake mai yawan furotin, a ajiye shi sai rani, shanu masu shayarwa da masu ciki su riƙa shiga na 'yan sa'o'i kullum. Dabbobin sun amfana, amma dabarar ba ta yaɗu yadda aka yi fata ba. Wayar shinge tana da tsada, gobarar daji tana cinye shuka, kuma makiyayin da ba shi da tabbacin mallakar fili ba zai zuba dukiyarsa a ƙasar da za a iya tashinsa daga kanta ba.

Nan ne darasin yake ga Ma'aikatar Raya Kiwon Dabbobi da aka ƙirƙiro a 2024. Najeriya har yanzu tana shigo da madarar gari daga ƙetare, kuma ana ta maganar kawo ingantattun shanu. Tarihin Shika da Kachiya ya nuna cewa kafin irin saniya, sai an warware inda za a noma abincinta na rani, da kuma wanda ke da iko da wannan fili.