Dakali ko Gadar Sama: Wane Birni Ne Ke Riƙe Tsohonsa?

Akwai wani ra'ayi da ya yi kaka-gida a tsakanin masu tsara biranenmu, wanda ba kasafai ake furta shi ba amma ana ganinsa ƙarara a kasafin kuɗi: wai cunkoson tsohon gari cuta ne, lafiya kuwa tana cikin faffaɗan titi da gadar sama da sabuwar unguwa mai doguwar katanga. Bisa wannan tunani, in ana son dattijo ya yi tsawon rai, sai a ɗauke shi daga lungu a kai shi bayan gari, a gina masa asibiti. A ganinmu an kifa lissafin, ko da yake hujjar da ke hannu ba ta kai inda wasu masu ra'ayi irin namu suke kai ta ba.

Ba sai an ja zance kan tushen maganar ba. Tun 1953 Jerry Morris ya nuna cewa kwandastocin bas masu bene na Landan, da ke hawa da sauka duk yini, ciwon zuciya bai kama su kamar direbobin da ke zaune ba. Nazarin Holt-Lunstad da abokan aikinta na 2010, wanda ya tattara bincike 148, ya danganta ƙarfin zumunci da ƙarin damar rayuwa na kusan kashi 50 cikin ɗari. Motsa jiki da cuɗanya da mutane, babu mai musun amfaninsu. Inda ake jayayya shi ne ko fasalin unguwa da kansa yana samar da su.

A watan Yulin 1995 tsananin zafi ya kashe mutum fiye da 700 a Shikago ta Amurka cikin kusan mako guda, akasarinsu tsofaffi. A littafinsa na 2002, Eric Klinenberg ya kwatanta unguwanni biyu maƙwabtan juna, dukansu na talakawa. A North Lawndale masana'antu sun tashi, shaguna sun rufe, kangwaye sun yawaita, tsoron 'yan daba ya sa tsofaffi kulle kansu a ɗaki. A South Lawndale kuwa, wadda 'yan asalin Meziko suka cika, titi na cike da masu saye da sayarwa, tsoho yana da dalilin fita da wurin da zai nufa. Yawan mace-macen ta farko, in aka auna da yawan jama'a, ya ninka na ta biyu kusan sau goma.

Wani mai bincike, Mitchell Duneier, ya ƙalubalanci wannan kwatanci na Klinenberg a 2006, kuma sukarsa ta cancanci a tsaya a kanta. Ya bi sawun waɗanda suka mutu a North Lawndale, ya tambayi dangi da maƙwabta, ya ce da yawansu ba su kaɗai suke zaune ba, wasu kuma shaye-shaye ya riga ya raunana su. Zarginsa shi ne an ɗauki siffar unguwa an ɗora wa ɗaiɗaikun mamata ba tare da an tabbatar ba. Ana iya ƙara masa da cewa masu jinin Latin Amurka ba su mutu da yawa ba a duk faɗin birnin, don haka wataƙila tsarin iyali ne ya cece su ba titi ba. Klinenberg ya mayar wa Duneier da martani cewa jita-jitar maƙwabta bayan shekaru ba hujja ba ce. Da gaskiyarsa, amma hakan bai goge tambayar ba.

Abin da ya fi amsa ta, a namu nazarin, shi ne binciken Semenza da abokansa na 1996, wanda ya auna mutum da mutum: wanda ba ya fita gida kullum, da wanda yake zaune shi kaɗai, sun fi shiga haɗarin mutuwa a wancan zafi. To a nan ya wajaba mu tsuke da'awarmu. Ba a tabbatar da cewa lungu yana ƙara shekaru ba. Abin da za a iya tsayawa a kansa shi ne tsohon da ke fita kullum, ana ganinsa, ya fi tsira ranar tsanani, kuma unguwa tana iya sauƙaƙa masa fitar ko ta hana shi.

Da wannan ma'auni a duba cikin birnin Kano. Dattijo a Yakasai ko Mandawari yana takawa masallaci sau biyar a rana ba tare da likita ya umarce shi ba. Yana da zaure, yana da dakali, mai shayi na kusa. In bai fito sallar Asuba ba, kafin hantsi an leƙa an tambayi lafiya. Tsohuwa ma tana zaga suna da biki da ta'aziyya a ƙafa. A kai su gidan da sai an buɗe get, sai ɗa ya dawo aiki da mota kafin a je ko'ina, duk wannan ya yanke, komai kyan tayil ɗin falon.

Ba muna wanke tsohon gari ba ne. Buɗaɗɗiyar kwata, da hayaƙin janareto, da kududdufan da aka cike har ruwan damina ya rasa mafita, da lungun da motar asibiti ba ta shiga, duk suna cutar da tsoho kafin kowa. Sai dai maganinsu gyara ne: a rufe lambatu, a daidaita hanyar ƙafa, a dasa darbejiya don zafin bazara, a sa wurin tsallaka titi a ƙasa, domin mai ciwon gwiwa ba zai hau matakalar gadar masu ƙafa ba. Gadar Ƙofar Nassarawa da ire-irenta an yi su ne don mai mota.

Muna kira ga hukumomin tsara birane da cewa, kafin a amince da kowane sabon titi, a tambaya ko mai shekara 75 zai iya tsallaka shi zuwa masallaci shi kaɗai. In ba zai iya ba, a mayar da zanen a sake.