Farin Sahel da Sanyin Arewacin Tekun Atilantika

A shekarar 1975 masanin yanayi Jule Charney ya kawo hasashen cewa idan dabbobi suka cinye ciyayi ƙasa ta zama fili fetal, sai ta riƙa mayar da hasken rana sama, hadari ya kasa haɗuwa. An karɓi wannan bayani hannu bibbiyu, domin ya samar da wanda za a ɗora wa laifin farin 1972 zuwa 1973: makiyayi da manomi. Hujjojin da suka biyo baya sun nuna cewa akalar damina tana hannun teku.

A 1986 masana Folland da Palmer da Parker suka gwada ruwan saman Sahel na 1901 zuwa 1985 da ɗumin tekunan duniya, suka tarar shekarun fari sun zo daidai da lokacin da tekunan arewa suka yi sanyi, na kudu suka ɗumama. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ba kwamfuta tarihin ɗumin teku, ba tare da canza yanayin ciyayi ba, sai ga raguwar ruwan ta bayyana.

Dalilin kuwa, zirin hadarin da ke kewaye duniya yana karkata ne wajen ɓangaren da ya fi ɗumi. Idan arewacin Atilantika ya yi sanyi alhali tekunan yankin zafi, musamman na Indiya, suna ƙara ɗumi, iskar damina takan rasa ƙarfin kutsawa arewa, ruwa ya tsaya a kudu, Damagaram da Katsina su sha jira.

Inda masana suka rabu shi ne kan abin da ya sanyaya tekun. Wasu sun ce juyi ne na ɗabi'a mai ɗaukar shekara 65 zuwa 70, wanda igiyar ruwa ke haddasawa. Wasu, irin su Booth a 2012, sun danganta shi da hayaƙin masana'antun Turai da Amurka da ya tare hasken rana. A ganina kalmar juyi ta yi wa hujjar yawa: ma'aunin teku na shekara ɗari da hamsin bai wuce zagaye biyu ba. Kuma idan hayaƙi ne, to farfaɗowar damina tun shekarun 1990 tana da nasaba da dokokin tsaftace iska da aka kafa a can, don haka kuskure ne a gina tsarin noma ko madatsar ruwa bisa zaton cewa fari yana da ranar dawowa da aka sani.