Kifi a Najeriya: Masunta, Gonakin Kiwo da Kasuwa

Ta hanya uku kifi yake isa kasuwannin Najeriya: wanda masunta suke kamowa a teku da koguna da tafkuna, da wanda ake kiwo a gona, da kuma daskararre wanda jiragen ruwa suke saukewa a Legas da Fatakwal. Alƙaluman da gwamnatin tarayya ta saba bayarwa sun nuna ƙasar tana buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, alhali abin da take samarwa bai wuce tan miliyan 1.2 ba. Kifin waje yana toshe wani sashe na wannan giɓi, ragowar kuwa a tukunyar talaka take bayyana, domin abin da ɗan Najeriya yake ci a shekara ya gaza matsakaicin duniya na kimanin kilo 20 nesa ba kusa ba. Duk lokacin da aka tashi neman mafita, hankalin hukuma kan gonakin kiwo yake komawa. Amma fiye da kashi biyu cikin uku na kifin gida daga hannun ƙananan masunta yake fitowa, masu kwalekwale da koma da birgi, kuma su ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Gaɓar tekun ƙasar ta kai kilomita 853. Manyan jiragen kamfanoni, waɗanda yawancinsu a Legas suke, jatan lande suka fi nema domin kasuwar Turai, don haka gudummawarsu ga cimar gida kaɗan ce. Dokar kamun kifin teku ta 1992 ta hana su jan raga a cikin mil biyar daga gaɓa, don a bar wa masu kwalekwale wurin, sai dai sa ido ya yi ƙaranci. Malalar ɗanyen mai a yankin Neja Dalta kuma ta lalata dazukan bakin ruwa inda kifi da jatan lande suke hayayyafa.

A ruwan daɗi ne aka fi ganin girman sana'ar da girman asararta. Kifin kogi da ambaliya yake rayuwa. Idan damina ta kankama, ruwa ya tumbatsa ya bazu cikin fadamu, nan tarwaɗa da karfasa da kurungu da ragon ruwa suke bi su zuba ƙwai, 'ya'yan su samu abinci da mafaka a cikin ciyawa, sannan su koma kogi idan ruwa ya ja. Ke nan yawan kifin rani ya dogara ga faɗin ƙasar da ruwa ya rufe da damina. Wannan ne ya sa madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka shafi masuntan da suke ɗaruruwan kilomitoci nesa da su. Sun rage ambaliyar da take cika dausayin Haɗeja da Nguru, ruwan da ake saki ba ƙaƙƙautawa kuma ya ba ciyawar kacalla damar toshe magudanai. An gina madatsun domin noman rani da ruwan shan birnin Kano, kuma sun yi amfani, amma ba a sa kifin da aka rasa a cikin lissafin ribarsu ba.

Tafkin Cadi ya fi kowane wuri nuna girman wannan asara. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, farin shekarun 1970 da 1980 ya mayar da shi ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan. Duk da haka Baga ta ci gaba da zama babbar kasuwar banda, inda manyan motoci suke lodin kwalaye zuwa Maiduguri, daga can su wuce Onica da Inugu da Legas. Abin da fari bai ƙarasa ba, rikicin Boko Haram ya ƙarasa. Hare-haren 2013 da 2015 sun watsa garin, sojoji suka taƙaita safarar kifi don toshe wa mayaƙa hanyar samun kuɗi, hukumomin Nijar ma suka hana su a jihar Diffa a 2015. Masuntan da suka koma ruwa daga baya sun tarar da masu bindiga suna karɓar haraji a kan kamu. Tafkin Kainji, wanda aka samu bayan kammala madatsar a 1968, wata irin cuta ce take damunsa: masunta sun yi yawa, raga mai ƙananan idanu kuma tana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su isa haihuwa ba.

Ba wai masunta ba su san kiyaye ruwa ba ne. Sarkawa da sauran masu su na gado sun daɗe da sarkin ruwa mai ikon rufe tafki har kifi ya ƙosa, sannan a buɗe shi rana ɗaya ga kowa. Bikin Argungu, wanda aka fara a 1934, kan wannan tsari yake: ana hana su a ruwan Matan Fada har ranar biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da sai an taru ake ɗagawa. Irin wannan iko ya raunana a wurare da yawa, dokar jiha da ta gaje shi kuma ba ta da ma'aikatan da za su bi ruwa.

Ko an kama kifin, da sauran rina a kaba. Inda babu ƙanƙara, kifin da aka fito da shi da asuba yakan fara sauya wari kafin azahar, don haka wuta ce kaɗai madogara. Ana feɗe shi, a lanƙwasa tarwaɗa a soke jelarta a baki, a jera a kan waya bisa murhun laka ko rabin ganga, a yi ta juyawa cikin hayaƙi. Wanda bai bushe sosai ba yakan yi tsutsa, wanda ya ƙone yakan marmashe a hanya, ƙwari kuma suna cinye na cikin kwali. Wasu 'yan kasuwa sukan fesa masa maganin ƙwari, abin da yake cutar da mai ci. Kifin da yake salwanta a nan an riga an sha wahalar kama shi, saboda haka ingantaccen murhu da wurin ajiya sun fi sabuwar gona arha wajen ƙara abin da yake isa kasuwa.

Kiwon kifi ya faro ne a farkon shekarun 1950 da gonar gwamnati ta Panyam a Filato, amma bai zama sana'ar jama'a ba sai bayan shekara ta 2000. A lokacin ƙasar tana samar da kimanin tan 25,000, zuwa 2015 ta haura tan 300,000, ta zama kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗar Afirka. Tarwaɗa ce ta kawo wannan nasara. Tana shaƙar iska kai tsaye, don haka tana jure cunkoso a tankin siminti ko na tamfol a bayan gida, kuma tana isa kasuwa da ranta a cikin baho. Ƙyanƙyasarta ma ta zo hannun kowa: a yi wa mace allura da yamma, da safe a matse ƙwan a roba, a yanka namiji a ciro maniyyinsa a gauraya, cikin kwana guda 'ya'ya su fito. Daga nan sai tacewa a kai a kai, domin manya suna haɗiye ƙanana. Cikin wata huɗu zuwa shida kifi yakan kai kilo guda.

Tun daga 2015 haɓakar ta tsaya, dalilin kuma abinci ne. Shi yake cin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwo. Masara da waken suya da ake haɗa shi da su, kaji da mutane ma suna nema, garin kifi da sinadaran ƙari kuma da dala ake sayo su. Faɗuwar naira bayan Yunin 2023 ta ɗaga farashin buhu, masu ƙananan gonaki da yawa suka bar tankunansu a bushe. Mai kiwo ba shi da ta cewa a ranar sayarwa, domin kifin da ya isa kamu kullum ci yake yi, dillalai kuwa sun san haka, su suke yanka farashi a bakin tanki. Tarwaɗar gona ta fi tafiya wuraren farfesu da gashi a birane, ba ita ce kifin miyar talaka ba.

Wannan gurbi kifin ƙanƙara ne ya cike shi, irin su taitus da shawa da kote da fanla, daga Holan da Rasha da Nowe da wasu ƙasashe. Ana yanka shi gunduwa-gunduwa daidai aljihun mai saye. Busasshen kifin Nowe kuwa ya kafu a miyar kudu maso gabas, musamman bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. A 2015 Babban Banki ya sa kifi cikin kayayyaki 41 da ya hana wa kuɗin waje a farashin hukuma, ya janye a Oktoban 2023, shigo da kifi kuma bai tsaya ba, domin taƙaita shigowa ba ya ƙara ko tan ɗaya a ruwan gida. Fitarwa ma ta gamu da cikas a 2018, lokacin da Amurka ta rufe ƙofarta ga bandar tarwaɗar Najeriya saboda ba a gabatar da takardun tsarin duba lafiyar kaya da ta nema ba.

Harkar kifi yanzu tana ƙarƙashin ma'aikatar albarkatun teku da aka kafa a 2023, akwai kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a Sabuwar Busa da ta binciken teku a Legas. Sai dai sakin ruwan madatsu yana hannun hukumomin raya koguna, lasisin su a tafkuna yana hannun jihohi, tsaron Tafkin Cadi kuma yana hannun sojoji. Abubuwa ukun da suke yanke yawan kifin da masunci zai kamo duk suna wajen ma'aikatar da aka ɗora wa alhakin kifi, kuma a yawancin mashigan da ake sauke kamu babu ma'aikacin da yake auna abin da ya fito daga ruwa.