Cutar bilas ta alkama

Cutar bilas ta alkama cuta ce da wata ƙwaya dangin funfuna mai suna Magnaporthe oryzae ke haddasawa. Tana kama zangarniya, sai ɓangaren da ke sama da wurin da ta kama ya yi fari fat ya bushe tun sauran gonar na kore. Tsabar da ke ciki takan motse, wani lokaci ma ba ta fitowa sam. Iska na ɗaukar ƙwayar daga gona zuwa gona, kuma tana ɓoyewa a jikin iri, wanda ta haka ne take iya ƙetare teku a cikin buhu.

Tarihi

An fara ganin cutar a jihar Parana ta Burazil a shekarar 1985, daga nan ta bazu zuwa Bolibiya da Faragwai da Ajantina. A 2016 ta ɓulla a Bangaladash, inda ta shafi kimanin hekta 15,000. A Afirka, Zambiya ce ƙasar farko da aka tabbatar da ita, a gundumar Mpika, a daminar 2017 zuwa 2018.

Bambancin ƙwayoyin gado

Jinsin ƙwayar ɗaya ne da wadda ke kama shinkafa, amma ya rabu zuriya-zuriya, kowace da tsiron da ta fi kamawa: akwai ta shinkafa, da ta alkama, da ta tamba. A Kudancin Amurka zuriyar alkama tana da nau'o'i masu yawa, har wasunsu a Burazil sun daina jin maganin feshi na rukunin strobilurin.

A wajen Kudancin Amurka abin ya bambanta. Wani bincike da aka wallafa a mujallar PLOS Biology a 2023 ya nuna cewa ƙwayar Bangaladash da ta Zambiya duk reshe ɗaya ne, mai suna B71, kuma kowace ta taso ne daga Kudancin Amurka ta hanyarta daban. Wannan rashin bambanci sauƙi ne ga masu samar da iri, domin alkamar da ke ɗauke da ƙwayar gado ta Rmg8 tana jure wa reshen gaba ɗaya. Sai dai binciken ya gano cewa a ɗakin gwaji B71 na iya barbara da zuriyar da ke kama tamba a Afirka. Idan haka ta faru a gona, za a iya samun sabon nau'i da irin da ake da shi ba zai jure masa ba.

Dangantaka da Najeriya

Ana noman alkama a Najeriya ne da rani, a filayen ban ruwa irin na Kadawa a Kano da na Haɗeja a Jigawa, lokacin hunturu da iska ke bushe. Cutar kuwa ɗumi da danshi take so, don haka yanayin bai yi mata daɗi ba. Haɗarin ya fi ƙarfi ta wajen shigo da kaya, tunda mafi yawan alkamar da ake yin burodi da taliya da ita daga waje take zuwa. Ana kuma noman tamba a kudancin Kaduna da Filato. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ce ke da alhakin inganta irin alkama a ƙasar.