Ginin Tukwane: Sana'ar Da Bature Ya Zo Gyarawa, Ya Tarar Ba Ta Buƙatar Gyara

A shekarar 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani Bature mai suna Michael Cardew aiki a ma'aikatar ciniki da masana'antu, ta naɗa shi jami'in kula da ginin tukwane. Aikin da aka ɗora masa shi ne ya zaga ƙasa ya ga yadda magina ke aiki, sannan ya faɗi hanyar da za a bi a zamanantar da sana'ar. Mutumin ba baƙon yumɓu ba ne. Tun 1923 ya shiga hannun magini Bernard Leach a garin St Ives na Ingila, daga baya ya kafa nasa wurin gini, sannan ya yi shekaru a ƙasar da yanzu ake kira Gana, a Achimota da Vume, yana fama da ƙasa da wuta. Da ya gama rangadi sai ya kawo rahoton da iyayen gidansa ba su zata ba. Ya ce tukunyar da matan karkara ke ginawa da hannu ta dace da aikinta, a ƙyale ta yadda take. Idan ana son ƙari, a buɗe wani reshe dabam na kofuna da farantai masu ƙyalli, ya tsaya a gefenta.

Mai karatu a Dangamaji ko Jega ko Maiyama, wanda ya tashi da ruwan randa, ya riga Cardew sanin wannan, ko da bai san dalilin ba. Dalilin yana cikin yadda ake ginin. Da rani ake haƙo yumɓu a fadama ko bakin gulbi, a jiƙa shi, a tattake, a cakuɗa da dakakken tsingaro ko yashi don kada ya tsage wajen bushewa. Maginiya takan kifa tsohuwar tukunya, ta barbaɗa mata toka, ta shimfiɗa yumɓu a kai tana bubbugawa har ya ɗauki siffar gindi. In ya sha iska sai ta cire, ta ɗora kafaɗa da wuya da baki. Wasu kuma a ɗan rami suke aiki, suna juya curin yumɓu suna daka cikinsa har ya buɗe. Gashi a fili ake yi, da karan dawa da ciyawa da busasshen kashin shanu, kuma ba ya ɗaukar dogon lokaci. A wasu wuraren ana yayyafa wa tukunya ruwan makuba tun tana da zafi, ta yi duhu ta yi sheƙi.

Wannan wuta ba ta kai zafin tanderun Turai ba, kuma a nan hikimar take. Jikin tukunyar yakan rage da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar, na ciki ya yi sanyi. Tukunyar girki kuwa, saboda jikinta bai ƙanƙame ba, tana jure harshen wuta a kan murhu. Kwanon da aka gasa a zafin da ya haura digiri 1,200, in aka ɗora shi a kan duwatsu uku, tsagewa zai yi.

Ƙasar Kabi da Sakkwato ta daɗe da wannan ilimi. Kafin ruwan madatsar Kainji ya malale bakin Kwara a ƙarshen shekarun 1960, masu binciken kufai sun tona wani tudu kusa da Yelwa ta ƙasar Yawuri, suka samo tukwane da ƙananan siffofi na gasasshen yumɓu da suka haura shekara 1,000. A 1929 da 1931 kuma wani Bature, W. E. Nicholson, ya buga bayani a mujallar Man ta Landan kan maginan Sakkwato, inda ya kasa su gida uku: Adarawa, Zoramawa da Rumbukawa. Wato a birni ɗaya ma kowane gida da salonsa da irin kayan da ya shahara da su.

Don kafa makarantar koyar da wannan sabon reshe na kayan ƙyalli, Cardew ya zaɓi Abuja ta asali, wadda yau ake kira Suleja, garin da Abu Ja na gidan sarautar Haɓen Zazzau ya kafa a 1828. Akwai yumɓu, akwai itace, akwai ruwa, sannan Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau ya karɓi aikin hannu bibbiyu. Aka fara gini a 1951, makarantar ta buɗe a 1952. Ɗaliban farko duk maza ne. Aka koya musu juya yumɓu a kan faifan da ake kaɗawa da ƙafa, da haɗa ruwan ƙyalli daga toka da dakakken dutse, da kwana a bakin tanderu ana zuba itace. An buɗe ƙananan rassa a Kano da Sakkwato, amma ba su yi tsawon rai ba. Talaka bai ga abin da zai raba shi da akushi da ƙwarya ba, uwar amarya kuma hankalinta na kan kwanukan jere masu fenti da ke shigowa da araha. Galibin masu sayen kayan Abuja sai suka zama Turawa da manyan ma'aikata.

Abin da ya ɗaga sunan makarantar daga wani gefe ya ɓullo. A gidan Sarki Sulaimanu Barau, Cardew ya ga wasu manyan tuluna da suka tsaya masa a rai, ya tambayi mai su. Aka ce wata Bagwariya ce daga Kwali, ana kiranta Ladi. An haife ta wajajen 1925, kuma tun tana yarinya ta koyi gini a hannun 'yar'uwar iyayenta, irin ginin Gwari wanda maginiya ke zagaya tukunya tana jan yumɓu sama tana ƙara masa curi. A ƙarshen 1954 ta shiga makarantar, ita ce mace ta farko. Ta koyi faifan, ta kuma iya shi, ta yi kwanuka da butoci. Amma abin da ya kai ta duniya tulunanta ne na hannu, waɗanda take zana wa kadangare da kunama da kada da hawainiya da kifi. An baje su a Berkeley Galleries ta Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ta je Ingila ta yi gini a gaban jama'a, a 1972 kuma ta zaga Amurka. Bayanta wasu matan suka shigo, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa.

A nan akwai abin da ya kamata a faɗa ba tare da kwana-kwana ba. Tulun irin na Ladi da aka shafa wa ƙyalli aka gasa a tanderu ya yi nauyi, ƙofofin jikinsa sun toshe, ba ya sanyaya ruwa, ba mace da za ta ɗora shi a gammo ta nufi rijiya. Ya tashi daga kayan aiki ya koma kayan kallo. Ni a ganina an samu kuma an rasa. An samu, domin ta wannan hanya ce duniya ta yarda cewa hannun maginiyar ƙauye hannun gwani ne. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Ladi Kwali digirin girmamawa a 1977, gwamnatin tarayya ta ba ta lambar yabo ta ƙasa a 1980 da kuma OON a 1981, hotonta na bayan takardar Naira 20. An rasa, domin darajar ta tsaya a kan mutum ɗaya da tulun ado, ba ta gangaro kan dubban matan da suka ci gaba da gina randar da ake sha ba. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984, shekara ɗaya bayan Cardew.

Ilimin Suleja kuwa ya yi tafiya. Cardew ya bar Najeriya a 1965, Michael O'Brien ya gaje shi, a 1969 kuma Cardew ya fitar da littafinsa Pioneer Pottery, wanda akasarinsa daga aikin Afirka ta Yamma ya samo shi. Har yau masu gini na Turai da Amurka na buɗa shi, ciki har da waɗanda ba sana'arsu ba ce: ma'aikacin ofis ko malamar asibiti da ke biyan kuɗi su shiga ajin yamma don su huta ta hanyar taɓa yumɓu. Sha'awar ta kai an buɗe gasar gini a talabijin ɗin Ingila tun 2015. Magdalene Odundo, 'yar Kenya da tukwanenta ke manyan gidajen tarihi na duniya, ta zo Suleja a 1974 ta ga aikin Ladi Kwali da idonta.

A gida kuma roba da jarka da tukunyar dalma da firji sun ci kasuwar. Abin da ya rage wa magina shi ne kaskon turare, tandar masa, asusu, tukunyar shuka furanni, randar ƙofar masallaci, da tukwanen rufe kabari a garuruwa irin su Kano. 'Ya'yan magina da dama sun guji sana'ar, don ana yi mata kallon aikin marasa galihu. Amma sha'awar gini ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk yaron da ya tashi kusa da fadama ya gina sa da doki da raƙumi da yumɓu, ya shanya a rana. Girma ne ke raba mu da abin, da kunyar kada a gan mu da laka a hannu.

Matashi ko matashiya a Jega da Aliero da Maiyama da ke ganin ginin tukwane a intanet yana burge su ba sa buƙatar faifan lantarki ko tanderun waje kafin su fara. Yumɓu na nan a bakin gulbin Zamfara, kara na nan bayan girbi. Su tambayi masu sayar da tukwane a kasuwa daga ina kayan ke zuwa, su bi sawu har gidan maginiya, su gaishe ta, su biya ta ladan koyarwa kamar yadda za su biya kowane malami. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero kuma, wadda aka kafa a 2006, ya kamata ta tura ɗalibanta ƙauyukan da ke kewaye da ita su auna yumɓun kowace fadama, su ɗauki aikin tsofaffin magina a hoto da murya, su rubuta sunan kowane kayan aiki yadda masu shi ke kiransa, tun masu ilimin suna raye.